Fistin Uku na Taraktar Auta

Litinin, 3 ga Mayu
Auta ta kawo taraktarta da safe, motar wani mai yashi ce ta jawo ta da igiya. Tun da mijin ƙanwar nan tawa ya rasu ita ke hawa abar da kanta, tana yi wa mutane huɗa, da haka take riƙe da 'ya'yanta. Na daɗe ina gaya mata hayaƙin nan mai shuɗi ba na lafiya ba ne. Ina! Kunnen ƙashi irin na gidanmu.

Na sauke kan injin. Fistin ukun duk sun cinye, ringi ɗaya ya karye ya karce silinda. Aiki ne tun daga tushe.

Talata, 4 ga Mayu
Na je shagon kamfani jin farashi. Ya kusa rabin kuɗin taraktar. Da na gaya wa Auta ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Na kasuwar fa, Yaya? An ce bai kai kashi ɗaya cikin ukun wannan ba."

Na gaya mata abin da nake gaya wa kowa. Tun da na buɗe garejin nan kayan kasuwa bai taɓa shiga injin da na ɗaure ba, shi ya sa babu wanda ya taɓa dawo mini da aiki. Mai son araha ga ƙofa nan, garejoji sun fi gashin kai. Ladan hannuna dai ba zan karɓa ba, wannan ko faɗa ba sai na yi ba.

Ta ce, "To." Shi ke nan abin da ta ce.

Mai walda na maƙwabta yana jinmu ta katanga. "Sarkin kwalin kamfani ya yanke hukunci!" Ya je ya ji da tartsatsinsa.

Alhamis, 6 ga Mayu
Hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Saura ƙiris.

Asabar, 8 ga Mayu
Raina a ɓace yake.

Ina cin abinci uwar yara ta ce, kamar ba komai ba, wai an ga maƙwabcin gonar Auta yana zagaya gonar bakin rafi, yana auna ta da ƙafa. Gonar Baba. Wadda ta faɗo a rabonta, inda ni da ita muka koyi riƙon fartanya. Mutumin nan ya daɗe yana lashe baki a kan gonar, mijin Auta ma ya sha korarsa.

Na ce ƙarya ne. Ta ce, "To da me kake so ta sayi kayanka masu tsada? Da haƙoranta?" Matar nan idan ta so magana ba ta bi ta gefe. Na ture kwanon na tashi.

Lahadi, 9 ga Mayu
Na sami Auta tana wa yara wanki. Ba ta musa batun sayar da gonar ba. Juma'a mutumin zai zo da shaidu.

Na yi faɗa, na yi faɗa har muryata ta dushe. Ta bar ni na gama, tana matse riga. Abin da na riƙe cikin maganarta: "Yaya, kai ka ce ba ka taɓa na kasuwa. Ni kuma babu wanda zai buɗe cikin injin nan sai kai. Masu son huɗa sun ce in ruwan fari ya sauka taraktar ba ta tashi ba, wajen wani za su koma. Gona ɗaya ce, tarakta kuwa ita ce tukunyarmu."

Na ce zan nemo kuɗin. Ta yi dariya, don ta san rufin gidana ya gama da aljihuna. Ta ce ko ina da su ba za ta karɓa ba. Ita ma ai 'yar Baba ce.

Daɗi ya kama ni da ta ce sai ni, kunya kuma ta biyo baya. Ban san wanne ya fi yawa ba.

Litinin, 10 ga Mayu
Na koma kamfani neman ragi. Sun ba ni kujera da ruwan sanyi. Ragi babu.

Talata, 11 ga Mayu
Na shiga layin 'yan kayan gyara, wurin da na saba wucewa ina kau da kai. Shagon Mai Tabarau, tsohon da ke sayar da kayan ƙananan taraktoci. Da ya gan ni ya zare tabarau ya goge ya mayar. "Maigida, ɓatan hanya ka yi, ko inuwa kake nema?"

Na ce ba hira na zo yi ba, ya fito mini da duk fistin da yake da shi na irin injin nan. Na zaro ma'aunina daga aljihu. Sai ya daina dariya, ya share mini tebur.

Gaskiya ɗaya zan rubuta, tunda babu mai karantawa: kayan kasuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai jabu, wanda ko a hannu ka ji shi kamar gwangwani, shi kansa tsohon ya ce kada in ɓata lokaci a kansa. Akwai kuma na wata masana'anta daban, mai sunanta a jiki, ba ta ɓoye kanta ba. A cikinsu na yini. In buɗe, in auna, in ture. Wani ya yi kauri, wani ramin ringinsa ya yi faɗi. Na ware masu kyau, muka aro sikelin mai kantin gefe na auna nauyinsu har na sami uku da suka zo daidai. Mutane sun taru a ƙofa suna kallo kamar ana wasan biri.

Gaskit ɗin kai kuwa, mai toshe tsakanin kan injin da silinda, na kamfani na saya, da kuɗina. Wannan ba ciniki a kansa, kuma Auta ba za ta ji ba.

Na biya ta gidanta na ce ta aika wa mutumin ya riƙe shaidunsa. Ta ce, "In bai tashi ba fa, Yaya?" Na ce ni ne fa.

A hanya na riƙa lissafi. In bai tashi ba, ɗan abin da ta tara ya tafi, gonar ma ta bi shi, kuma a farashin da mutumin ya ga dama.

Alhamis, 13 ga Mayu
Bayana kamar an yi mini duka. Kowane ringi sai na sa shi cikin silinda na duba tazarar bakinsa, wanda ya matse in bi shi da magagari a hankali, in sake gwadawa. Da na kamfani ne buɗe kwali kawai zan yi in ɗaura. Rabona da aiki irin wannan tun ina gaban maigidana, Allah ya jiƙansa, mai dukan hannu da sifana.

Ashe hannun bai manta ba. Har waƙa na kama kaina ina yi.

Mai walda ya leƙo ya ga kwalayen a ƙasa. Ya buɗe baki, na ɗaga masa guduma, ya rufe.

Juma'a, 14 ga Mayu
Ba shaidu. Gonar ta kwana tamu.

Asabar, 15 ga Mayu
Ta tashi! Bugu na biyu ta kama. Ta yi tari, ta tofar da ɗan hayaƙi, sannan ta daidaita, kuka sumul babu ƙwanƙwasa. Na ɗora tafin hannu a kan injin na lumshe ido. Ni na yi wannan.

Auta ta juya baya tana gyara ɗankwali, wai ƙura ce ta shigar mata ido. Na kafa mata doka: kada ta matsa mata a kwanakin farko, ta dawo in sauya mai in sake ɗaure kan. Ta ce, "To, Yaya." Wannan "to" ɗin daban ne.

Laraba, 19 ga Mayu
Ruwa ya sauka jiya, mai yawa. Da safe na rufe gareji na tafi bakin rafi. Da gonar Baba ta fara. Na tsaya a kan iyaka ina kallon ƙasa tana kifewa baƙa wuluk a bayan garma, ƙanwata a sama ta miƙe wuya kamar mai tuƙa jirgi. Babu hayaƙi.

Maƙwabcin ya zo ya tsaya kusa da ni, hannu a baya. Ya saurara ya ce, "Kayan kamfani daban ne, ji kuka. Ina ta samo kuɗin?"

Da na yi shiru ya wuce a haka. Sai na ji bakina ya ce, "Na kasuwa ne. Ni na zaɓa, ɗaya bayan ɗaya." Da ƙarfi ma na faɗa, har masu wucewa suka waiwayo. Ya yi ta kallona, can ya ce in roƙa masa ita, in ta gama nan ta shiga tasa. Na ce ya bi layi.

Ra'ayina yana nan, na kamfani na kamfani ne. Akwai dai wani dattijo da ya kawo taraktarsa ranar Litinin, da na faɗa masa farashi ya cire hula ya daɗe yana kallon cikinta. Gobe zan bi ta wajen Mai Tabarau. Dubawa kawai zan yi.