Famfon Feshin da Ban Wanke Ba

Anti, don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, kaina ya kulle.

Muna da ƙungiyar masu lambu a unguwarmu, mu ashirin da uku, a wani fili bayan asibiti. Kowa da fangalinsa, rijiya ɗaya, famfon feshi ɗaya. Dokarmu ta farko ita ce ba a shigo da maganin kashe ciyawa, ruwan ganyen dogonyaro kawai muke fesawa saboda ƙwari. Kuma Anti, ni ce na kawo wannan doka. Ni ce sakatariya, ni ce mai bakin tsiya idan wani ya karya ta.

To, ciyawa ta cinye mini ƙofar gida, surukata kuma za ta zo, kin dai san halin surukai. Sai na ɗauko famfon ƙungiya a ɓoye, na zuba maganin, na fesa. Na ce zan wanke, girki ya ɗauke mini hankali. Washegari maƙwabciyata Maman 'yan biyu ta leƙo ta katanga, tana cigiyar famfon don ranar ita ke da aikin feshin ƙungiya, na miƙa mata shi haka nan. Wallahi mantawa na yi.

Ta je ta zuba ruwan dogonyaro a kan ragowar maganin, ta fesa wa renon tumatirin Baba Mai Iri. Wannan dattijo shekara goma sha tara yana adana irin nan, marigayiya matarsa ce ta fara shi, kuma bana duk abin da ya rage ya shuka. Cikin kwana huɗu ganye ya nannaɗe, ya yi rawaya, ya ƙone ƙurmus. Na same shi tsugune yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Na koma gida na yi kuka.

A taro aka yi wa Maman 'yan biyu ca. Tela, wanda dama ya daɗe yana hangen fangalinta don yana kusa da rijiya, har da cewa ganganci ne. Da shugaba ta tambaye ta inda ta samo famfon, sai ta ce a rumfar kayan aiki ta ɗauka. Ina jin ruɗewa ce ta sa ta manta. Ni kuwa ina zaune da biro a hannu, ina rubuta abin da ake faɗa a kanta! Ranar Asabar za a ɗaga hannu a ƙwace fangalinta. Matar nan mijinta na kwance, da alayyahon nan da kuɓewa take miya. Har yanzu tana gaishe ni ta katanga, ni ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Idan na faɗa, ni za a kora, kuma wace fuska zan kalli Baba da ita? Mijina ya ce in yi shiru, in dai ƙi ɗaga hannu. Kwana tara ke nan ina cikin wannan hali. Ya zan yi?

Taku cikin damuwa,
Mai fangali na bakwai

AMSA

'Yar'uwa, na ji ki, kuma na tausaya miki. Ba mugunta kika yi ba, mantuwa ce, tsoron da kike ji kuma ba abin dariya ba ne. Mijinki ma mutuncinki yake karewa. Amma ki bambanta abu biyu: rashin wanke famfo kuskure ne, shirun kwana tara kuwa da saninki kike yin sa. Ƙin ɗaga hannu ba zai hana sauran hannuwan tashi ba.

Kada ki jira Asabar. Yau ki shiga gidan maƙwabciyarki ta ƙofa, ba ta katanga ba, ki nemi gafara. Daga nan ki wuce wajen Baba ke kaɗai, ki faɗa masa da bakinki kafin ya ji a bakin tela. Sannan shugaba. A taro ki miƙe ki faɗi gaskiya a taƙaice, ba kwana-kwana, ki ajiye biron da kanki, ki bar musu hukunci. Mai yiwuwa ki rasa muƙamin, ko ma fangalin. Ba zan rufe ki ba.

Ki kuma bi 'yan ƙungiya gida-gida. Mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana adana iri, da wuya a ce bai taɓa ƙulla wa kowa kaɗan a takarda ba. Ko ƙwaya goma kika samo, ki kai masa. Famfon nan kuma a daina amfani da shi a kan shuka.

Abu na ƙarshe. Kin ce ruɗewa ce ta sa Maman 'yan biyu ta manta inda ta karɓi famfon. Haba 'yar'uwa! Ba wanda ake shirin ƙwace wa abincin 'ya'yansa da zai manta hannun da ya miƙo masa abin. Ta sani sarai. Rufa miki asiri take yi, tana jiran ta ga ko ke ma za ki tsaya mata.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya ba mijinta lafiya. Tashi ki je, kwana tara ke nan tana jiran sallamarki.