Tulun Mamarki Zai Yi Fure

Prudence,

Na yi sammako zuwa Kwali, ban so in tashe ki ba. Ki yi haƙuri da tsawar da na daka miki jiya. Na san tausayi ne ya sa kika kwarara wa kaktus, tsiron nan mai ƙaya, ruwa, amma shi ba tumatir ba ne. In ruwa ya yi masa yawa, ta gindi yake ruɓewa.

Shekarar da muka tare a Jikwoyi mamarki ta sayo shi a bakin titi, bai fi lemon tsami girma ba. Na yi ta mata dariya, wai ta rasa abin saye sai ƙaya. Da ya yi ƙiba ta sa masa suna Tulu. Kullum da safe sai ta leƙa kansa ta ce, "Baban Prudence, wata rana zai yi fure." Shekara goma sha tara tana leƙawa, har Allah ya ɗauke ta.

Yanzu da zan fita na ga toho rawaya a kansa. Da tsakar rana zai buɗe, ni kuwa ba na nan. Ki ajiye duk abin da kike yi, ki je ki gane mata.

Babanki