Tsegumin da Kakanka Ya Bari a Gefen Shafi

Zuwa ga maigidana ƙarami, mijin da ba ya cefane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya tsare ku daga sanyin can da sharrin masu sharri. Mu nan lafiya lau, in ka ɗebe gwiwata ta hagu da ta yi yaji, ta dama kuma tana haɗa kayanta za ta bi ta. Mahaifiyarka ta rabu da tarin nan. Matar kawunka ta sauka lafiya, an samu mace, goshinta sak naka, Allah dai ya sa gashi ya rufa mata asiri.

Mahaifiyarka ta ce an saka ka a wani babban kwamiti na ƙasashen duniya. Ta yi ta bayani har na gane gwargwadon karatuna: wai kowane kamfani da irin ƙullin da yake yi wa takardar da aka rubuta a kwamfuta, wannan ba ya kwance na wancan, ku kuma kuna so a yarda da ƙulli guda wanda kowace na'ura za ta kwance. Wato kasuwa duka ta koma awo da mudu ɗaya. Ta ce kun daɗe kuna zama, manyan kamfanoni kowa na tura nasa mudun, har wani zama ya watse a kan abin da ake rubutawa a gefen shafi. Na yi dariya har na ƙware. Yaron da bai iya ɗaure zariyar wandonsa ba, shi ne yau zai ɗaure wa duniya ƙulli! Amma da dariyar ta lafa sai na nemi biro, domin abin da kuke ja a can shi ya ɗaure ni a nan.

Ka san tsohuwar kwamfutar kakanka, mai ƙatuwar ƙeya, wadda ofis ya bar masa da ya ajiye aikin akawu. Da ya rasa wanda zai rubuta wa, sai ya dawo kaina. Kullum da hantsi ya zaunar da ni ina zuba tatsuniyoyina, shi yana bugawa da yatsu biyu kamar kaza na tsintar tsaba. Ban taɓa leƙa abin da yake bugawa ba, har Allah ya karɓi abinsa. To, ka ji an shafa wa gidajen layinmu jan fenti, za a rushe a faɗaɗa titi. Kawunka ya gyara mini ɗaki a gidansa, ya kuma kawo mai gyaran kwamfuta ya kwashe rubutun kafin mu tashi.

Mai gyaran ya lallaɓa ta ta tashi, tana gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana. Sai ga tatsuniyoyina a jere, a gefensu kuma wasu ƴan alamomi, in ka kai kibiya kan ɗaya sai ɗan rubutu ya buɗe. Ashe bawan Allahn nan gulmata yake yi! A tatsuniyar akuyar da ta ci sabulu ya rubuta wai a nan na ƙara gishiri, jiya akuya ɗaya ce, yau ta zama garke. A wani wurin ya ce na manta ƙarshen labari na gudu da sunan tukunya na ƙonewa, alhali ban ɗora komai ba. A wani kuma ya rubuta wai a nan na yi dariya, ya tsaya kallona, layi ya kuɓuce masa. Mutumin da in na yi kwalliya iyakar yabonsa ya ce yau ba laifi. Na ce wa mai gyara ƙura ce ta faɗa mini a ido.

Daga nan ne ƙulli ya ƙi kwantuwa. Ya kwashe rubutun a ɗan abin nan kamar farce, ya zuba a sabuwar kwamfutar kawunka. Tatsuniyoyin sun haye, amma a hanya lanƙwasar haruffa ta zube, tsohuwar da ke share ƙura ta koma share kura. Wannan mai sauƙi ne. Rubutun gefe ne bai haye ba, ko ɗaya, shafi fes kamar kakanka bai taɓa buɗe baki ba. Mai gyara ya ce kamfanin da ya yi wannan tsarin ya daɗe da rufewa, ya tafi da sirrin ƙullinsa, sabbin na'urori ba su ma san akwai abu a gefe ba. Ya kuma gargaɗe mu cewa faifan cikin tsohuwar kwamfutar ya gaji, girgizar mota kaɗai za ta iya kashe ta. Kawunka ya gwada ɗaukar hoto da waya, gilashin ya fito da ratsi-ratsi, ba a karanta komai, ga shi alamomin gefen ɗaya bayan ɗaya suke buɗewa. Ya gaji, ya ce ai tatsuniyoyin ne abin so, kuma sun tsira. Na ce masa tatsuniyoyi suna nan cikin kaina, ko a turmi aka daka ni za su fito. Mai tsegumin ne ba ni da wani.

Shi ya sa har yau ina ɗakin nan. Maƙwabta sun tashi, sun ciccire har ƙofofi da tagogi, layin ya zama kamar bakin da aka zubar wa haƙora. Mai ruwa ya daina biyowa. Ko barkar haihuwar nan ban zauna ba sai tsaye-tsaye, don rufin yana yoyo daidai kan teburin kwamfutar, da na ga hadari sai in dawo in lulluɓe ta da leda. In an kawo wuta sai in kunna ta, in kai kibiya, in kwafa da hannu, ni da karatuna bai wuce na ajin manya ba, ido kuma ya fara cin amana. Kafin in gama layi ta ɗauki zafi, sai in kashe in yi mata fifita, abin da ban yi wa mai ita ba. Ban ci ko rabi ba, gilashin kuma ya fara baƙi daga kusurwa ɗaya yana matsowa. Kawunka yana fushi, ya ce mutane za su ce ya yar da uwarsa a kango. Yana da gaskiya, amma wanda ya riƙe wutsiyar damisa ba shi da ta cewa: sakin wuya, riƙon wuya.

Ga roƙona, tunda an ce kowa ya samu rana sai ya yi shanya. In kun koma zama, ka miƙe da goshin nan naka ka gaya musu kada su raina gefen shafi, wani duk abin da bai iya faɗa ba can yake ajiye shi. Ku kuma yi ƙullin da ba zai mutu da kamfaninsa ba. Wannan na jikokinka ne. Nawa kuwa ba zai jira kwamiti ba. Cikin masanan da kuke shan shayi tare ba a rasa wanda ya san tsohon ƙullin nan. Ka nemo shi, in babu ka zo da kanka da idanunka masu kyau, ka zauna ka kwafa ina yi maka fifita. Ba a faɗa mana ranar da motar rusau za ta iso ba. In ta riga ka, za ta tarar da tsofaffi biyu a ɗaki ɗaya, ni da na'ura, kuma ba wadda za ta iya tashi ta bar ɗaya.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, da yaranku, Ƴar Lele da Sarkin Kuka in ya yi shiru ya saurara. Mahaifiyarka da kawunka da goggonka duk suna gaishe ku. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka tsohuwa mai gadin na'ura,
Kakarka