Audugar da ke hannun Sale

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ya Jos da sanyinta, ya maigidan da su Ummi? Mu nan Ƙafin Maiyaki lafiya lau, sai wata magana da ke cina, kin san bakina ba ya riƙe zance.

Tun da aka cire wa mijina Baban Nasiru ɗan marainan da ciwon daji ya kama, likita ya ce duk wata ya je Kano a ɗebi jininsa. Wai akwai wata lamba a jinin, in ta sauka ana samun sauƙi, in ta hau sai a kwantar da shi a sa masa ruwan magani.

Wancan makon ƙaninsa Sale ya raka shi. Da suka dawo na kai musu ruwa, sai na ga auduga manne a hannun Sale, hannun mijina kuwa ko tabo babu. Na ce, "Sale, kai ma ba lafiya?" Ya ce, "Sauro ne, matar Yaya." Yaya Binta, sauron Kano har auduga yake sa wa mutum?

Jiya sakamako ya fito, wai jini fes, ana ta barka. Ni dai na san tsoron Baban Nasiru, kar a kwantar da shi ba a karya masara ba.

Don Allah ki rubuto masa, ke yake jin nauyi. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Wata mai zuwa da goyona zan bi shi, in ga shigar allurar da idona.

Ƙanwarki,
Saude