Isa Ɗan Aro Ma Yana da Gari

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Taron Tsofaffin 'Yan Dambe na ƙasar Mafara, Bakura da Maradun.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina wahalar jama'a, yaya iyali da sauran 'yan kwamiti? Allah ya ba ku ikon sauke abin da aka aza muku.

Bayan gaisuwa, ni ne Mamman Mai Zare, barunje ɗan barunje, haifaffen Tungar Marke, mazaunin Ruwan Gizo. Ban yi boko ba. Maƙwabcina tela ne ya riƙe alƙalami, kuma na ja masa kunne, abin da na faɗa shi zai sa, kada ya gyara mini baki. Na ce a karanta wasiƙar nan a bainar jama'a domin a gaban jama'a aka kore ni.

Shekarar da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya ci tsohon garin Maradun da ƙauyukan da ke gefensa. Tungarmu tana ciki. Mutanenmu suka watse, wasu sabon gari, wasu Kaya, wasu ban sake jin ɗuriyarsu ba. A wannan shekara ƙanena Isa ya fara ɗaura hannu sosai. Ni ke naɗa masa zare, ni ke riƙe masa ruwa, ni ke ɗauke shi idan ya faɗi. Game da shi nake wanga kuka.

Na ɗaya. Kun yi shela a rediyo cewa ranar Talatar sama za ku tara tsofaffin 'yan damben ƙasar nan, a zaunar da su tsakiyar fage, a kaɗa wa kowa takensa. Abu ya yi kyau. Amma kun ce kowane tsoho sai garinsa ya kawo shi. Na sami wakilinku na Mafara, ya ce ai Isa na Maradun ne. Na biya mota zuwa Maradun, duk da yadda hanya take yanzu, wakilin can ya ce shi a Bakura ya san shi yana wasa. Na Bakura kuwa dariya ya yi a gaban mutane, ya ce, baba, ai ɗan aro ba ya da gari, je ka zo da Sarkin Fawan garinku ya shaida. Ranka ya daɗe, Sarkin Fawan garinmu kabarinsa na ƙarƙashin ruwa, shi da ubanmu da masallacinmu. In shaidarsa ake so, a ba ni jirgin masunta in kai wakilinku daidai wurin, ya nutsa ya tambaye shi.

Na biyu. Bari in gaya muku yadda aka yi ya zama Ɗan Aro, tunda yaran yanzu sun ɗauka zagi ne. A da, dambe na rundawa ne. Idan kaka ta yi, mahautan gari su kwashi samarinsu da makaɗinsu su je wani gari. Ɗan dambe garinsa ke ciyar da shi, garinsa ke jinyarsa, ranar da ya kwance zare kuma garinsa ke yi masa ajo, a kaɗa masa ta ƙarshe, a sallame shi da mutunci. To mu garinmu ya zama gidan kifi. Ga shi kuma lokacin aikin dam ne, leburori sun cika Mafara daga ko'ina, duk ƙarshen wata aljihu da ɗumi, fage ba masaka tsinke. Kowane gari na neman hannu, Isa kuma bahago ne. Duk wanda ya san dambe ya san bahago yana rikita mutum, domin naushi na zuwa ta inda ba a tsare ba. Sai garin da za a kawo wa baƙi masu zafi ya aiko a ara shi. Rundawan Mafara suka riƙe shi kaka biyu, da suka sami wani yaro mai tsawon hannu suka sallame shi. Bakura ta ɗauka. Daga nan Kaya, daga nan Gidan Goga, ya koma Mafara, ya sake komawa Bakura, har sabon Maradun. Inda aka kira, can muke kwana, wani lokaci a zauren Sarkin Fawa, wani lokaci a rumfar kasuwa tare da fatu.

Na uku. Ba zan yi muku ƙarya ba, Isa ba gwarzon zamaninsa ba ne. Ya yi kisa, shi ma an kashe shi, kuma in gaskiya ake so faɗuwar ta ɗan rinjayi kisan. Aikinsa shi ne ya shiga da fari ya tare babban baƙo, ya sha turmi ɗaya ko biyu, ya gajiyar da shi, ya nuna wa ɗan gari inda ƙofa take. Sai ɗan gari ya fito da yamma ya yi kisa, a ɗauke shi bisa wuya, mu kuma muna bayan rumfa ina gasa wa Isa fuska da ruwan zafi. Cikin tsofaffin da za ku zaunar ranar Talata akwai waɗanda a bayan Isa suka yi suna. Sun san kansu. Ba zan ambaci kowa ba, amma su dubi idona ranar.

Wakilinku na Bakura da ya yi dariya, ya tambayi manyansa haƙoran wa suka zube a fagensu ranar da baƙin yamma suka zo aka rasa mai fita. Ni na tsince su a ƙasa, na ƙulle a bakin rigata. Na Isa ne. Kunnensa na dama a Mafara ya mutu. A lokacin babu wanda ya tambaye shi Sarkin Fawa. Kuma da ya kwance zare, babu garin da ya yi masa ajo. Kowa ya ce na wancan ne. Ni kaɗai na kwance masa, a gindin wata tsamiya a hanyar Kaya, muka taka zuwa gida. Mun haɗiye wannan. Ta biyu ce ba za mu haɗiye ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni barci. Al'ada ce idan ɗan dambe ya fito, makaɗi ya kira garin da yake yi wa wasa. To Isa yana da sharaɗi ɗaya, duk garin da ya are shi sai ya yarda da shi: a kira garinsu yadda suke so, amma a ƙarshen take sai kalangu ya ce na Tungar Marke. In ba a faɗa ba, ba ya miƙa mini hannu in naɗa. An taɓa jayayya a kan haka a Gidan Goga har rana ta kusa faɗuwa, ya zauna a kan turmi ya harɗe ƙafa, sai da suka sauko. Mutanenmu da suka watse, idan sun ji yana wasa, sukan yo tattaki ba don naushi ba, don su ji an kira sunan garinsu da ƙarfi. Na ga dattawa suna share ido a bakin fage. Yau jikokinmu ba su san inda Tungar take ba. Babu ita a bakin kowa sai a cikin wanga take. In kun hana a kaɗa shi, ba Isa kaɗai kuka bari a waje ba.

Shi kuwa yana nan Ruwan Gizo yana sayar da balangu, hannun hagun na rawa, sai ɗiyarsa ta riƙa yanka masa. Tun ranar da ya ji shelarku ya ba da babbar rigarsa wanki da bugu. Kullum sai ya ce, Yaya, an ce mu zo da wane lokaci? Ni kuma in ce ana shiri. Ban gaya masa yadda aka yi da ni ba, kuma ba zan gaya masa ba.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe. A sa wa Isa kujera a tsakiyar fage tare da sa'o'insa. A kaɗa takensa cikakke, kada a yanke wutsiyar. In dole sai an ce ga garin da ya kawo shi, a ce Tungar Marke, ni ne wakilinta, tunda ban ga wanda ya girme ni a cikin waɗanda suka rage ba. Ba mu neman atamfa ko buhun shinkafa, ku ba waɗanda suke da gari. Kuma a ja wa wakilai kunne su daina yi wa tsofaffi dariya.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ka da masu ba da shawarar banza, ya sa kada ranar ta zo da za a tambaye ka garinku ka nuna ruwa.

Ni dai gobe da safe, in Allah ya kai mu, da na sallame asuba zan ciro zaren Isa daga cikin tukunyar da na adana shi, in wanke in shanya. Sannan in hau mota zuwa Kaya wurin Labbo makaɗi, wanda ya daɗe yana bin mu, har yanzu kuma kalangunsa na rataye a ɗaki. Ranar Talata mu uku za mu zo. In kun buɗe mana ƙofa, madalla. In ba ku buɗe ba, a bakin ƙofar zan naɗa masa hannu, Labbo ya kaɗa, kuma kun san kalangu ba ya tsayawa a bango.

Wassalam.

Naku,
Mamman Mai Zare na Tungar Marke.