Ɗakin Inna a Kwarbai

Kwarbai, Zariya
14 ga Satumba, 1991

Zuwa ga Yaya Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma ruwan Fatakwal bai jiƙa ku da yawa ba. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana kwana a ɗakina tun da damina ta rushe nata, kuma ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, kan gidan da kake son saya mata a sabon rukunin gidajen nan na bayan Tudun Jukun, na kai ta ta gani. Gida ne mai kyau, Allah ya saka maka da alheri. Amma ko'ina katanga ce da get, har muka fito ba wanda ya yi mana sannu. A mota ta tambaye ni, in ta cika a can, wa zai yi mata wanka. Ka san ita ke wanke mamatan matan unguwarmu tun muna yara. Wallahi sai da na juya fuska don kada ta ga hawayena.

Shi ya sa na nemi Zailani, ɗan kawu Labaran, wanda ke aiki a wani kamfani a Kaduna. Suna ƙera gida a masana'anta, bango daban, rufi daban, su zo su harhaɗa shi da kusoshi. Ya ce ɗaki da falo da bayi za su shiga daidai inda ɗakinta ya faɗi. Babbar mota ba za ta shiga lungunmu ba, amma mazan unguwa sun ce a ka za su ɗauko. Ban ɓoye maka ba, zai yi zafi da bazara fiye da ginin ƙasa. Da Zailani ya kawo guntun bangon, Inna ta ƙwanƙwasa shi, ta ce yanzu a akwati za a ajiye ta. Amma ranar ta ci tuwonta har ta nemi ƙari.

Na san ka ce da ka zo ka gaya mata maganar komawa sabon gidan, ba ta musa ba. Yaya, kai ne ɗan fari. Matar da ko sunanka ba ta taɓa faɗa ba saboda kunya, ita ce za ta dube ka ta ce a'a? Shirunta ba yarda ba ne. In ka ce ta tashi, za ta tashi, ba za ka taɓa jin komai daga bakinta ba.

Ka gaishe da Anti Asama'u da su Lawal. Kawu Labaran da Delu suna gaishe ka. Don Allah ka amsa da wuri ko ka yarda a kafa mata ɗakin a nan, domin jiya na tarar da ita tana raba wa maƙwabta tukwanenta.

Ƙanwarka,
Jamilatu