Riga Mai Awon Kafaɗata

Kafanchan,
20 ga Yuli, 1976.

Zuwa ga Lai'atu, sanyin idona, zumar kogon dutsen Kagoro, ruwan farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa, ke da muryarki cikin 'yan kwaya ta koya mini zuwa sujada da wuri!

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ina fata Baba da Mama suna lafiya. Ni kam ba zan yi miki ƙarya in ce ina lafiya ba.

Jiya da hantsi wani mutum ya kafe babur a ƙofar shagona, ya shigo da riga nannaɗe cikin jarida. Ya ce sunansa Malam Martins, sabon malamin firamare da aka turo Kagoro. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, yana so a rage. Yana dariya ya ce in yi haƙuri da ɗinkin, yarinyar da zai aura ce ta yi masa, ba ta daɗe da fara koyon keken ɗinki ba. Ban tambaye shi sunanta ba. Na juya rigar ta ciki, na ga zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin kowane layi kamar saiwar ciyawa, sai na san hannun. Lai'atu, ko a cikin riguna dubu zan gane wannan kuskure, don wata huɗu na yi ina faɗa da shi!

Kin tuna ranar da na kawo miki keken? Ba sabo na saya miki ba, na ba ki abin da ya fi sabo a wurina. Shi ne keken da na ɗauka a kaina shekara uku ina zaga kwatas ɗin reluwe gida gida, ina buga almakashi mata su ji su fito, lokacin da na bar makaranta a fom uku kuma 'yan ajinmu suna kau da kai in sun hango ni. Da shi na kafa shagon da yau yake da keke huɗu da suna a rubuce a allo. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Amma ni na riƙe naki.

A ƙarƙashin mangwaron gidanku muka ɗora shi kan ƙafafunsa. Na nuna miki yadda ake sa bel, kada ya yi tauri kada ya yi sako-sako. Na nuna miki ramukan da ake ɗiga mai, guda guda, kina ƙirgawa da yatsa. Allura kuwa sau biyar kika sa ta a baibai, ina cewa gefen da ke da tsagi shi ke kallon hagu, ke kina cewa ai duk gefen ɗaya ne a idonki. Da kika hau feda sai ƙafafunki suka riƙa mayar da keken baya, zare na tsinkewa, Mama na tankaɗen acca tana dariya har da hawaye, tana cewa a bar yarinya ta koma gonar citta. Ni na ce a'a, za ta iya. Ranar da kika yi layinki na farko a miƙe, kika ɗago kika dube ni, na rantse ko ruwan da ke zubowa daga dutsen Matsirga da rana ta haska bai kai fuskarki haske ba. Wane ne ya ga wannan duban in ba ni ba? Malam Martins yana ina a lokacin?

Amma ba ɗinkin ne ya hana ni cin abinci ba. Da ya tafi na ɗauko tef na auna rigar. Kafaɗa inci goma sha tara. Wuya sha shida da rabi. Hannu ashirin da biyar. Lai'atu, awona ne! Awon da kika ɗauka a jikina ranar da nake koya miki riƙe tef, kika rubuta a bayan littafin waƙoƙinki don kada ki manta. Na rufe ƙofar shago da tsakar rana, ni Leonard da ban taɓa rufe shago ranar aiki ba, na sa rigar. Ta zauna mini kamar a jikina aka haife ta.

To faɗa mini, ya kurciyata, don wannan tambayar ce ke cina kamar gara a cikin itace: domina kika yanka wannan yadi, kina tsakar ɗinki zuciyarki ta juya, kika miƙa wa wani? Ko tun farko shi kike nufi, sai dai awon namiji ɗaya kika sani a duniya, kika ari jikina kika yi masa kyauta? Wanne ya fi sauƙi a cikinsu? Na juya su ta kowane gefe, ban samu ba.

Ba a ɓoye na neme ki ba. Kawuna Meshak ya hau har gidanku da Ista ya gaida Baba, aka karɓe shi, aka ba shi wurin zama. Fasto ya sani. Matan zumunta har sun fara tsokanata a kan yadin anko. Yanzu in ce musu me? In ce mai alli da babur ya zo wata uku ya kwashe abin da na yi shekara biyu ina ban ruwa? Na san ba ni da satifiket a bango. Amma rigar da yake tsayawa gaban aji da ita, irina ne ke ɗinka ta.

Duk da haka, ya hasken safiyata, ba zan bari a ga aikinki a yi dariya ba, ko wa kike yi wa. Na san abin da kika yi: da kika ga zare ya taru a ƙasa, sai kika ɗauki sukundireba kika matse ɗan sukurun ƙoshiya mai riƙe zaren ƙasa. Sau nawa na ce ki bar wannan sukurun? In ɗinki ya ɓaci ta ƙasa, laifin zaren sama ne. Ki duba ko ya shiga tsakanin faifan nan biyu da ke riƙe zaren sama, sannan ki murɗa abin matse shi dama kaɗan, ki gwada a ƙyalle, ki ƙara kaɗan, har ƙullin ya ɓuya a tsakiyar yadi. Keken nan bai taɓa cin amanata ba, ke ma ba zai ci taki ba.

Ran Asabar da rana Malam Martins zai dawo karɓar rigarsa. Har yanzu ban sa mata almakashi ba, tana rataye a ƙusa bayan teburina. Ki shigo motar farko ran Jumma'a, ki tsaya a ƙofar shagona, ki faɗa mini da bakinki ta wane ne. In kin ce tawa ce, ba zan tambaye ki komai ba har abada, zan sa ta haka da zarenta a cukurkuɗe in shiga coci ran Lahadi, in zauna a layin gaba. In kuwa ba ki zo ba, na ji amsarki. Zan farke ta ɗinki ɗinki, in rage inci biyu a kafaɗa, in yi masa aikin da ba a taɓa yi masa ba, in goge in miƙa masa da hannu biyu. Ba zai taɓa sanin wanda aka cire daga cikinta ba.

Ko kin zo ko ba ki zo ba, wata mace ba za ta sake ɗora tef a kafaɗar nan ba.

Naki, muddin dutsen Kagoro na tsaye inda Allah ya ajiye shi,
Leonard.